Hayar Ɗakin Taro

Daren Alhamis a tsibirin Chiloé,
a ɗakin baya na 'yan kwana-kwana,
mu tara ne, in Baldomero bai makara ba.
Ni ke riƙe da littafin taro,
bangonsa ya kumbura don shan ruwa.

Nélida ta sauke tukunyar dankali,
Rigoberto ya sauke ƙorafinsa:
ƙusa ta yi tsada, kwanon rufi ba ya taɓuwa.
Mu yi ta ja har shayi ya huce
a kan peso dubu biyu da suka ɓace a lissafi,
ƙarshe a tsince su a aljihun mai tuhumar kowa.

Asabar kuwa ba surutu.
Gatari, zarto, da tsohuwar a-kori-kura
mai yin tari uku kafin ta tashi.
Gida goma sha huɗu ne a takarda:
Doña Herminia da gwiwa ta ƙi,
makahon masuncin bayan coci,
da matar da teku ya riƙe wa miji da ɗa.
Ita ba ta godiya da baki,
burodi mai ɗumi kawai take miƙowa.

Wanda ya fara rubuta takardar nan
Don Eleuterio Cárcamo ne,
shekara talatin da ɗaya ke nan.
Shi ke kaɗa ƙararrawar buɗe taro,
'yar ƙarama, ta wuyan tunkiya.
Alhamis uku kujerarsa na kallonmu,
muna cewa mura ce, zai warware,
har Nélida ta ce, tana goge cokali:
"Kwana biyar ban ga hayaƙi a rufinsa yana fitowa."

Ni na je.
Na same shi cikin kwat biyu, murhu a mace,
rumfar itace ba komai sai kyanwa.

Na ce za mu sa sunanka.
Ya dube ni kamar na zagi mahaifinsa.
"Takardar mabukata ce, ni na rubuta ta,
kuma sha huɗu ne, je ki ƙirga."
Ashe dai wanzami ba ya son jarfa.
Na dawo da kunya, ban ko sha ruwa ba,
ƙafata na nauyi a hanyar dawowa.

Baldomero ne, sarkin makara,
ya zo da dabara tun bai cire hula ba.
Muka ɗunguma gidan tsohon, mu takwas,
muka ce ɗakin 'yan kwana-kwana na yoyo.
Ba ƙarya muka yi ba,
wane rufi ne a garin nan ba ya zuba?
Ka ara mana kicin ɗinka duk Alhamis.
Ya ce ku shigo, kyauta ne.
Rigoberto ya buɗe kundin dokoki:
"Doka ta bakwai, da rubutun hannunka,
ƙungiya ba ta zaman kyauta a ɗakin kowa.

Asusu kuwa ba ko sisi,
sai dai mu biya da itace."

Ya daɗe yana bin fuskokinmu ɗaya-ɗaya.
Ya gane. Mun san ya gane.
Ruwa na dukan taga, kyanwa na hamma,
Nélida ta riga ta durƙusa gaban murhu
tana hura wuta kamar ba ta ji.
Sai ya ce, "Busasshe nake so, ban da ɗanye,"
ya laluba aljihu ya ciro ƙararrawa.

Hannunsa na rawa, ta yi ƙara biyu maimakon ɗaya.
Na rubuta a littafi:
Mahalarta tara.
Haya, itace amalanke guda duk mako.
Gidajen Asabar, sha huɗu, babu ƙaruwa.