Ɗinki a Wuri Ɗaya

Sun ɗebi tsoka daga cikin Mutaru,
ba ta fi ƙwayar gero ba,
suka rufe a kwalba, suka aika Ankara.
Kwana goma sha tara ina jira a Aboabo,
ina ɗinka wa mutane kayan suna.

Ran Talata Dakta Boakye ta jawo kujera kusa.
Ta ce kowace ƙwayar halitta da rubutunta,
a kumburin nan kuwa layi guda ne
ke ta maimaita kansa,
sau goma, sau hamsin, ya ƙi tsayawa.

Na ce na gane.
Kekena ma yakan yi:
ƙyalle ya cije, allura na saran wuri ɗaya
har zare ya dunƙule.

Ta tambayi watanninsa.
Ashirin da biyu.
Ta rubuta, ba ta ɗago ba.
Ashe watanni ma suna hawa sikeli.

Shi kuwa yana ƙarƙashin tebur,
yana kwance mata igiyar takalmi.

A mota ya yi barci a cinyata,
tafina bisa tudun cikinsa.
Ni mai farke ɗinki da reza,
har muka wuce Kejetia
ina laluben bakin zaren.