Minti Bakwai a Kutaisi

Shekara uku allo nake ba fuska,
jama'a kuwa ƙeya.
In ja layi, in ɗora harafi a kan harafi,
in zana ɗan akwatin nan a ƙasa, alamar an gama,
in koma kujera ban ce uffan ba.

Sai ga Malama Eteri da agogon girki
mai siffar tumatir, ta dire shi a tebur.
Ta ce, “Ran Alhamis, minti bakwai, da Turanci.
Ke kuma Tamta, bayanki mun haddace shi,
fuskar muke jira.”

Mu da ke jera baƙaƙe biyar babu wasali
mu haɗiye su kamar ruwa,
sauti ɗaya tak ya kai mu ƙasa:
wanda ake leƙo da harshe tsakanin haƙora
a hura, kamar mai sanyaya shayi.
Nugzar ya gwada, ya yi wa na gabansa yayyafi.
Ga wasu ’yan mitsi-mitsin kalmomi
da Turanci ke tsayarwa a ƙofar kowane suna.
Harshenmu bai haife su ba,
kullum sai na manta su a gida, kamar laima.

Daren Talata na tsaya a madafin kakata.
Kogin Riyoni na ta surutunsa a ƙarƙashin taga,
ita tana tsince wake a faranti.
Na fara: a ce lambobin da ba sa rabuwa
sai da ɗaya ko da kansu,
a ce sun ƙare, ga autansu a hannu.
Ninka su duka. Ƙara ɗaya.
Sabuwar lambar nan ita ma ba ta rabuwa...

“Tsaya,” in ji ta, ba ta ko ɗago ba.
“Ban ji ko kalma ɗaya ba cikin yaren nan,
amma a nan muryarki ta yi ɗingishi.
Haka kakanki ke yi in ya zo kan kuɗin da ya ɓatar.”

Na yi dariya. Na ɗauki biro don in kare kaina.
Biyu, uku, biyar, bakwai, sha ɗaya, sha uku,
na ninka, na ƙara ɗaya:
dubu talatin da talatin da ɗaya.
Hamsin da tara ta shige ta, ta raba ta, babu saura.
Ashe rami ne na daɗe ina tsallakewa a guje.
Alli bai taɓa tona ni ba,
baki ne ya ƙi rufa mini asiri.

Alhamis ta zo da ruwan sama.
Takalmina ya jiƙe, yana kuka a kowane taku.
Aka murɗa tumatir.
Na juyo. Ido goma sha takwas, da tabarau biyu.
Gwiwata na rawa, na bar ta ta yi abinta.
Na ce musu, da Turancina mai faci,
“Zan fara nuna muku inda na yi kuskure.”
Har Nugzar ya ajiye waya.

Ƙananan kalmomin nan, na zubar da wajen goma a hanya,
Malama ta tsince su a takarda, za ta ba ni daga baya.
Sautin haƙora ya fito sau biyu, ya ƙi sau huɗu.
Wata a baya ta ɗaga hannu, ban gane tambayar ba,
na ce ta maimaita. Rufin ajin bai faɗo ba.

Tumatir ya yi ƙara ina tsakiyar jimla.
Na ƙarasa ta.

Da yamma kaka ta tambaya, tana juya tukunya,
“Kin yi ɗingishin?”
Na ce, “Kaɗan. A wani wurin dabam.”
Ta ce, “To je ki duba wurin. Miƙo gishiri.”