Ƙonanniyar Masa

Shekara tara Yaya Lamara yana Koriya,
Ran wata Laraba Allah ya nufe shi da dawowa.

Kwana uku yana ta nuna mana hotuna,
Busan da tekunta da gadoji masu yawa.

Ga layin masu kifi, ga kabeji ja wur da barkono,
Ga tsinke biyu da suke ci da su, ba zubarwa.

Na ce, "Yaya, aje wayar nan ka sa takalmi,
Bauchi ma gari ne, tashi mu sha zagayawa."

Muka tare Keke a bakin Ƙofar Ran,
Ya miƙa hamsin, mai Keke ya hau ƙyaƙyatawa:

"Alhaji, daga wace shekara ka fito?"
Na cika kuɗin, ina dariya ina ɓoyewa.

A Wunti hayaƙin tsire ya tarbe mu tun daga nesa,
Malam Sambo na juya tsinke yana barbaɗawa.

Yaji ya shaƙe Yaya, tari har da hawaye,
Shi da ke cika baki wai ya fi mu jurewa.

Muka kutsa lungun Jahun inda kwata ta raba hanya,
Yana ƙirga gidajen da ya sani, suna ta ɓacewa.

Inda kukar nan take, shagon cajin waya ne,
Filin ƙwallonsu ya zama bene, hawa kan hawa.

Ya tambayi yaro hanyar Bakaro, a garinsu!
Yaron ya nuna da baki, bai damu da tsayawa.

Muka sha fura a gindin wata darbejiya,
Ludayi ɗaya, ni da shi, muna miƙo a inuwa.

Ya ce a can ma akan haɗa hannu a kwano,
Sai dai ba mai ce maka "ina gajiya" in kana wucewa.

Da la'asar muka hau dutse a bayan gari,
Rufin kwano na ƙyalli har can wajen Yalwa.

Ya ɗaga waya zai ɗauka, sai ya sauke,
Ya ce, "Ba za ta ɗauku ba, Ladiyo, sai dai dubawa."

Ni dai na san inda cikinsa ke ja tun safe:
Rumfar Inna Gwamma, masa da taushe mai daddawa.

Ban gaya masa ba. Na rasa ta inda zan fara.
Bara da damina Allah ya yi mata rasuwa.

Tandar na nan, baƙa ƙirin, a kan murhunta,
Sai dai hannun yarinya ne a gurbin na tsohuwa.

Ya tsaya cak. Ya cire hula, ya mayar da ita.
Bakinsa a buɗe, ya rasa ko da gaisuwa.

Yarinyar ta dube shi, ta dubi tanda,
Ta bar guda biyu a wuta har suka fara ƙonewa.

"Kai ne Lamara mai son ta gefe, ƙonanniya?
Inna ta ce in ka zo a ba ka, ban da sayarwa.

Amma naira talatin da ka ci bashi kana sakandare,
Ta ce a tuna maka, don ta san ka da mantuwa."

Dariya da kuka suka sarƙe masa a maƙogwaro,
Ya zauna a benci, ya wanke hannu da ruwa.

Ya ci shida, ya suɗe miya har gefen kwano,
Ba tsinke, ba hoto, yatsu ke aikin tsomawa.

Ya sa talatin ƙarƙashin faifai, ya ɗora dubu a kai,
Daidai sanda ladan ya ɗaga murya a unguwa.

A hanyar gida bai ambaci Busan ko sau ɗaya ba,
Ya ce, "Gobe ina za mu?" Na ce, "Awara, a Nassarawa."