Kada Ka Riga Kumfarka Tashi

Ni da na girma a Yakasai,
inda ruwa mafi zurfi shi ne na randar Inna,
yau ga ni a bakin kwamin ninƙaya na wani otal a Nasarawa,
an goya mini tukunyar iska
kamar yaron da ya ƙi yaye,
an ɗaura mini ɗamarar dalma,
ƙafafuna sun koma na agwagwa.

Mu takwas ne daga ofishin kwana-kwana.
Wuta muka sani.
Wuta tana ruri, tana nuna inda take.
Ruwa kuwa bakinsa alaikum.

Malam Gwadabe, mutumin Yawuri,
wanda kogi ya cinye wa jin kunnen hagu,
ya ce kowa ya tofa yawu a gilashin fuskarsa.
Muka yi dariya. Shi bai yi ba.
"Yawunka ne zai hana tururi rufe maka ido.
Tofa."
Na tofa.

A durƙushe muka ɗauki darasin farko,
can ƙasa, kan tayil shuɗi.
Kunnena ya ɗaure kamar an soka tsinke.
Ya nuna mini: matse hanci, hura a hankali.
Wani abu ya ce ƙas a cikin kaina,
ƙofa ta buɗe.
Sai na ji numfashina,
karo na farko cikin shekara talatin da huɗu,
yana shiga da huci, yana fita da gurnani,
kamar baƙon da ya daɗe a zaure ban leƙo ba.

Cire abin shaƙa daga baki.
Jefa shi bayan kafaɗa.
Lalubo shi.
Bar ruwa ya cika gilashi, ɗaga kai, fyace shi da hanci.
Sau uku na sha, na taso ina tari.
Ya ce, "Tsoro ne ya riga ka hawa.
Koma ka ɗauko kanka."

Nafi'u ne abokin nutsona,
wanda nake bi dubu uku tun ƙaramar salla,
har gaisuwarmu ta yi tsami.
A ƙasa ya gitta hannu a wuya: iskata ta ƙare.
Na miƙa masa bakin roba na biyu,
muka sha daga tukunya ɗaya,
ido cikin ido, kumfa na wuce mu.
Bashi bai iya nutso ba, a sama muka bar shi.

Ranar Alhamis Malam ya zo da baƙin salatif,
ya liƙe gilasanmu duka.
"Kududdufin garinku ba shi da tayil.
Leda ce, da fasasshiyar kwalba, da tsohuwar taya,
da laka mai kama ƙafa.
Hannunka ne idonka."
Ya jefa buhun yashi, ya ce mu nemo.

Ina rarrafe cikin duhun
sai daminar bara ta same ni:
Mudan, ɗan shekara tara, da ya bi ƙwallo,
mu a gefe da gora da ƙugiya da igiya,
kwana biyu muna tsokanar ruwa daga sama,
uwarsa zaune a kan bulo
da silifas ɗinsa a cinya,
ba ta kuka, tana dai kallon hannuwanmu.

Yatsuna suka taɓa buhun.
Na rungume shi fiye da yadda ake rungumar yashi.
Ƙirjina ya ce, tashi, yanzu, da gudu.
Amma muryar Malam na nan a kunnen da ya buɗe:
kada ka riƙe numfashi,
kada ka riga kumfarka tashi.

Na hau a hankali, ban ga komai ba.
Da kaina ya huda ruwa
sai ga hon ɗin adaidaita, ga kiran la'asar,
nauyin tukunya ya dawo kafaɗata.
Malam ya duba agogon iskata,
ya ce na sha da yawa,
gobe in zo da wuri.