Haƙoran Mota

Bayan la'asar na kai ta Haraj, can kudancin Jidda,
na wanke ta tas, har turaren wuta na yi wa kujerun baya.
Shekara shida tana shan wuta a bangon gidanmu na Kilo Bakwai,
ba ta taɓa tari ba,
ba ta taɓa fesa wa kowa hayaƙi a fuska ba.

Mahaifina Malam Gambo, Allah ya jiƙansa,
raguna ya sayar, damina talatin a ƙasar da ba damina.
Da yatsu biyu yake buɗe bakin dabba.
Haƙori ba ya ƙarya, in ji shi,
mai kaya ne ke yi.
To wannan ba ta da baki.
Shekarunta na kwance ƙarƙashin ƙafafuna
cikin akwatin da ni ma ban taɓa gani ba.

Abu Rakan dillali ya zura mata waya a gindin sitiyari,
ya ƙura wa allo ido kamar mai bugun ƙasa.
"Tamanin da uku cikin ɗari."
Na ce alhamdu lillahi.
Ya ce, "Sabi'u, ba yau ake saye ba, gobe ake saye.
Zafin garin nan na lasar batir yadda akuya ke lasar kanwa.
Ran da ya mutu, kuɗin sabo sai ya haɗiye motar."
Sai ya faɗi farashi.
A gwiwa na ji shi, ba a kunne ba.

Ranar da na fara shigo da ita layinmu
yara sun raka ni har ƙofar masallaci,
surukina Tanimu ya jingina da ita aka ɗauke shi hoto
kusan sau goma.
Yau shi ke jan tsaki:
"Wannan kamfanin? Ba ka ji abin da mai shi ya furta ba?"
Na ji. Ni ma bai yi mini daɗi ba.
Amma mutumin da ko shayi bai taɓa haɗa mu ba
ya buɗe baki a ƙetaren teku,
riyal dubu ashirin suka zube daga aljihuna.
Giwa ta yi atishawa a daji,
ƙwai ya fashe a kwandona.

Wani ya shuri taya. Wani ya leƙa ƙasa yana neman salansa.
Wani ya ga tambarin kawai ya wuce.

Dab da magariba ta iso, ita kaɗai,
Ustaza Najat, malamar lissafi a Bahra,
lasisinta ko ƙura bai yi ba.
Ba ta dubi tambari ba.
"Za ta kai ni makaranta ta dawo da ni?"
Na ce sau uku, in ba ki ƙure sanyi ba.
Ta juya bayan ambulan ta ciro biro:
"Sha bakwai a shekara shida. A ce uku-uku.
Saura takwas in ajiye alli.
Tare za mu tsufa ke nan,
kuma ina jin ita za ta fi ni saura."

Ta ɗora kaɗan a kan tayin Abu Rakan. Kaɗan dai.
Na miƙa mata makulli da igiyar caji,
sai na ji yatsun Malam Gambo a leɓena.
Na ce, gilashin hagu na baya yana cijewa,
in an yi zafi sai kin lallaɓa shi.
Dillali ya harare ni. Ita ta rubuta.

Ta ja ta tafi.
Na so ko ƙara guda ta yi mini, ta sallama.
Shiru, kamar yadda ta saba.

Motar haya na bi zuwa gida, mai warin gas,
direban na zagin tsadar mai tun daga gada.
A bangonmu ramin soket na nan buɗe,
na tsaya ina kallonsa
har matata ta leƙo ta ce tuwo zai huce.