Numfashi a Balam-balam

Shekara ashirin da biyu na yi a ramin Arlit
ina fasa dutsen da ban taɓa ganin ranarsa ba.
Namu mu cika ganga da gari mai ruwan ɗorawa,
mota ta ɗauka, ta yi kudu, shi ke nan.
Na dawo Damagaram da tari, da agogon sallama,
da wata wuta a ciki mai tashi bayan la'asar
ko da kunu na sha.

Ran Talata, Barira 'yar ƙanena,
wadda na saya wa jakar lakwal ta fari,
ta zaunar da ni a bencin ɗakin awo,
ta miƙo ƙwaya guda da ruwa rabin moɗa.
"Haɗiye, Baba Kalla, kada ka tauna."

Na ce, me ke ciki?
Ta ce, karbon, dangin gawayi,
amma ba na murhun Inna ba.
Can ƙetare akwai tukunya a ƙarƙashin ruwa,
yuraniyom ne itacenta, ba ta hayaƙi.
A tura nitirojin ciki, a rufe, a yi ta jira.
Nutiron ya faɗo kamar baƙon dare,
ya sami wuri a tsakar gida,
ɗan gida guda ya fice ta zaure.
Kai sha huɗu ne jiya, sha huɗu ne yau,
amma gidan ya sake suna,
kuma ya daina barci.

Minti goma muka yi shiru.
Sannan ta ba ni balam-balam, ni da furfurata,
na hura kamar yaro ran salla.
Na'ura ta kama ƙirga, ƙis, ƙis, ƙis-ƙis.
"Ga ɓarauniyar nan," in ji Barira.
"Ta ci abin da muka aika mata,
numfashinka ya tona ta."

Magani na sati biyu. Ban da yaji, ban da goro.

A ƙafa na komo, ta tsakanin duwatsun Birni.
Ta ce sai an shekara dubu biyar da ɗari bakwai
rabinsa ke mutuwa.
Na tsaya gindin tsamiyar majema, na huce haki,
ganye na karɓar abin da na fitar.

Ban tambaye ta ko dutsena ne ya hura tukunyar ba.
Za ta ce ba ta sani ba,
yarinyar ba ta iya ƙarya ba.
Goron dai na aljihu, ina taɓa shi.