Gaba Tara da Kamu Guda

Ƙarfe biyun dare a Dundaye, an ɗauke wuta,
batirin kwamfuta ya koma sulusi.
So nake in san ƙarfin injin da zai ja ruwa
daga rijiyar Baba a fadamar Kwalkwalawa
ya shayar da albasa kafin rana ta take.

Na miƙa wa manhaja haruffa: z zurfi, l lokaci.
Ta karɓa ba tambaya,
kamar mai riƙon amana da ba ta kwance ƙunshi.
Can gyangyaɗi ya fizge ni,
na tara zurfi da lokaci a layi guda.
Ta tsaya cak, ta yi jan rubutu:
mita ba ta taruwa da daƙiƙa.
Na ja tsaki. Ita ke da gaskiya.
Ko a Kara ba a haɗa raƙumi da ranar Laraba
a ce biyu ne.

Bayan asuba na kira shi.
"Baba, zurfin rijiya nawa ne?"
"Gaba tara da kamu guda."
"A mita fa?"
"Ina ruwana da mita, ɗiyata?
Jabbi yag gina ta, da hannunai ya auna."

Shekara shida ke nan da rasuwar Jabbi.
Dogo ne. In ya buɗe hannuwa
sai ya tare ƙofar zaure.
A wane littafi zan samo faɗin ƙirjinsa?

Manhaja ta san inci, ta san mil,
ta san tazarar da haske ke ci a shekara,
gaba ce ba ta taɓa ji ba.
Na rubuta mata: gaba ɗaya, j mita;
kamu kuwa rubu'inta.
Na bar j ba adadi.

Ba ta yi musu ba.
Ta goya shi layi bayan layi,
ta ninka shi da nauyin ruwa, ta raba da lokaci,
har amsa ta sauko a wat
da j tsaye a tsakiyarta
kamar mutum cikin rami, laka har gwiwa,
yana miƙo guga sama.

Ranar Asabar zan hau babur da tef ɗin awo,
in ɗaura dutse a igiya, in zura,
in dawo da lamba mai ɗigo.
In na saka ta, j ya tafi,
shafi ya yi fes, mai shago ya ba ni inji.

Yau dai Alhamis ce.
Na rufe kwamfuta a hankali
yana ciki.